Curin lakar da ke gindin jigo

Muna aji shida Malaminmu na kimiyya ya ce ya gaji da rubuta mana a allo cewa abu ba ya motsi sai an tura shi ko an ja shi, gara mu gani da idonmu. Ya sa muka kawo karan dawa, gwangwanayen madara, tsagin gora da ƙwallon goruba, muka haɗa wata na'ura a bayan aji. Ƙwallo zai gangaro cikin gora ya ture gwangwanaye bi da bi, na ƙarshe ya fizge zare, zaren ya saki wani abu da zai daki ƙarfen da ake kaɗa mana na tashi. Wannan abu na ƙarshe shi ya gagari kowa.

Ni na kawo shi. Mu ruwan madatsar Tiga ya taso, aka tsugunar da mu kusa da garin Ƙofa, babana ya koma lambu, kullum ina ganin yadda jigonsa ke ɗago guga da nauyin curin lakar da ke gindinsa. Na haɗa ƙaramin jigo da kara, na ɗaura tsakuwa a dogon hannun, na manna curin laka a gajeren. Da zare ya saki, laka ta yi ƙasa, tsakuwa ta yi sama, ƙarfe ya ce ƙau! Malam har tafi ya yi. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne ƙaramin curi yana bushewa ya rage nauyi, don haka kowace safiya nakan shafa masa ɗanyar laka kafin a shiga aji.

Sai aka ce mai duba makarantu zai zo daga Kano ranar Laraba. Malam ya zaɓi monita ya yi bayani, wai shi ya fi Turanci. Wannan monita kuwa ɗan gari ne, mai hura hanci, bai taɓa kiranmu da wani suna ba sai “’yan gudun ruwa”. Ina ji a gabana ya ce wa Malam ai shi ya ba ni dabarar jigon. Malam bai tambaye ni ba. Ya ce daga yau kada kowa ya taɓa na'urar sai monita.

Raina ya ɓaci matuƙa, na ce a zuciyata to shi ke nan, an ce kada a taɓa. Kwana huɗu ina kallon curin yana yin fari yana tsagewa, ina jin daɗi kamar an ba ni alewa.

Ranar Laraba baƙo ya zauna a kujerar Malam. Monita ya zuba Turancinsa, ya saki ƙwallo. Gwangwanaye suka zube tiryan-tiryan, zare ya fizge, jigo ya ɗan ɗaga kai ya tsaya cak a hanya. Aka sake jerawa, haka dai. Baƙo ya tambayi dalili, monita ya hau zufa. Ya sunkuyo kamar mai gyara gwangwani ya raɗa mini, “Don Allah, me zan yi?”

Na ce, “Nauyin curin ya ragu. Zuba masa ruwa, da yawa.”

Na san sarai abin da busasshiyar laka ke yi in ta sha ruwa farat ɗaya. Ya ɗauko moɗa ya kwarara. Curin ya jiƙe, ya ruguje, ya zubo masa a ƙafa. Aji ya kwashe da dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Baƙo ya dubi Malam ya ce makaranta ba wurin wasan ƙasa ba ce, ya yi rubutu mai tsawo a littafinsa.

Da aka tashi Malam ya tsayar da ni. Ya ce, “Kin sani?”

Na ce, “Na sani, Malam. An ce kada in taɓa.”

Na shirya bayana don bulala, bai ɗauko ba. Cewa ya yi in kwashe karan in kai juji. Monita bai ƙara kirana da sunan nan ba, kuma har yau in na tuna fuskarsa sai in ji sanyi a raina. Washegari Malam ya shigo da alli, ya juya mana baya ya fara rubutu. Har muka gama makarantar bai sake cewa mu kawo ko gwangwani ɗaya ba.