Ranar da Baba Ya Kira Asuba da La'asar

Ina tsugune a tsakar gida ina kankare kifin da na sayo a Youpwé, ruwan sama bai daɗe da ɗaukewa ba, sai Baba ya fara kiran la'asar. Mahaifina shi ne ladanin masallacin layinmu a New Bell tun kafin a haife ni, don haka ba kasafai nake tsayawa sauraren kiransa ba, ya riga ya zama jiki. Amma ran nan kunnena ya tsaya. Muryar ta yi nauyi, tana ja, kamar ta wanda aka tasa daga barci. Ya kai "hayya alal falah," ya yi shiru har na ɗaga kai. Sai na ji lasifika ta ce, a fili, ga rana a sama: "Assalatu khairun minan naum."

Wuƙar ta suɓuce mini. Kowa ya san a kiran asuba kaɗai ake faɗin wannan. Kafin in gama cewa innalillahi ya sake maimaitawa, a tsanake, kamar yadda yake yi da duhu-duhu. Daga bakin layi, inda masu bensikin suke jiran fasinja a kan baburansu, dariya ta ɓarke. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga tana cewa, "Yau asuba biyu za mu yi ke nan?" Abin da na mayar mata ba zai rubutu ba. Na zari mayafi, hannuna duk ƙarnin kifi, na fita a guje.

A gefen masallacin, ƙarƙashin matakalar bene, akwai ɗan ɗakin da ake ajiye na'urar lasifika. Nan Baba yake kiran salla, nan yake kishingiɗawa tsakanin azahar da la'asar. Na same shi zaune a bakin ƙofar, ya dafe kai da hannu biyu, mutane sun kewaye shi suna ta sannu. Ya ɗago ya dube ni, idanunsa jawur, ya ce, "Uwata, me ya faru? Me suka taru suke yi?" Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka. Wallahi bai san abin da ya faɗa ba. Da liman ya sunkuya ya gaya masa a kunne, sai ya sake dafe kai.

Ya daɗe yana fama da ciwon kai, wannan na sani. Kullum da yamma zai shigo gida yana tangaɗi, ya ce kansa kamar an ɗaure da igiya, wani lokaci har da amai. Mun auna hawan jini, lafiya lau. Mun ce zazzaɓin sauro ne, ya sha magani. Inna, mahaifiyata, ta ce baki ne na mutane, ta karɓo rubutu. Da safe zai tashi garau, sai mu ce maganin ya yi.

Janareto kuwa, da mu nan muke ce wa gurup, babu wanda ya kawo shi a rai. Jama'a ne suka haɗa hannu suka saya, saboda yawan ɗauke wuta, kuma ƙarar babura ta sa murya zalla ba ta kai ko ƙarshen layi. Da farko a waje yake. Aka sace na farkon, na biyun kuma ambaliya ta kusa cinye shi, to sai aka shigar da shi sito, jikin ɗakin Baba. Katako ne kawai tsakaninsu, kuma bai kai rufi ba. Don kada ƙararsa ta shiga lasifika ko ta dami masu nafila, aka bi duk wata kafa ta sito aka toshe da kwali da tsohuwar katifa, har aka yi ta yaba wa wanda ya yi dabarar. In babu wuta, a kunne yake wuni, domin 'yan kasuwa suna son su miƙe ƙarƙashin fanka bayan azahar. Nakan kai wa Baba abinci in ji warin, in ce, "Kai, Baba, wannan wari fa?" Sai ya ce an saba. To, a unguwar nan wa bai saba ba? Farin kaya ba ya wuni fari a kan igiya, in ka dawo daga Ndokoti ka fyace hanci baƙi za ka gani. Hayaƙi ai ba abin da muke ɗauka ciwo ba ne.

Bayan kwana biyu dattawan masallaci suka zo zauren gidanmu, liman da wani Alhaji mai shagon tayoyi wanda shi ne ke riƙe da al'amuran masallacin. Ina bayan ƙofa ina ji. Suka yi ta kewaye-kewaye, Malam ya yi hidima, Allah Ya saka, jiki kuma yana da haƙƙi. Daga ƙarshe Alhajin ya fito da ita: tsufa ya zo, kai ya fara ruɗewa, gara a huta tun ana ganin mutunci.

Ban san lokacin da na bankaɗe labule ba. Na ce, "Alhaji, wa ya ruɗe? Mutumin da ya yi muku kiran salla tun kuna yawo ba wando, don ya yi kuskure sau ɗaya?"

"Uwata," in ji Baba, "koma ciki."

"Ba zan koma ba, Baba! Su faɗa mini wa ya ruɗe!"

Bai sake kallona ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin ɗakin ya ajiye a gaban liman, ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri.

Wanda aka ba wa aikin wani Bakatsine ne, magidanci, bai daɗe da zuwa Douala ba. Turare da carbi da huluna yake kasawa a ƙofar masallaci, iyalinsa suna can gida. Muryarsa mai daɗi ce, ba zan yi masa ƙarya ba. Kullum da safe sai ya biyo ya durƙusa ya gaida Baba, ya tambayi abin da bai gane ba game da na'urar. Ni kuwa ko gaisuwarsa ba na amsawa. In ya ce, "Yaya, ina kwana," sai in ja tsaki in wuce. Ya yi murna da ɗakin ƙwarai, domin inda yake kwana su da yawa ne cunkushe, ko wurin miƙe ƙafa babu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda unguwa ta koma yi wa Baba. Mutane suka fara ɗaga murya in za su gaishe shi, suna jan magana a hankali, kamar da ƙaramin yaro. Aka yi ɗaurin auren 'yar amininsa, shi da ake sa wa gaba a irin wannan, aka zaunar da shi can gefe aka ba shi goro. Mai kanti ya ba shi canji, sannan ya kira ni gefe ya ce in riƙa rako shi. Har shi kansa ya yarda. Na sha tarar da shi a zaure yana bitar surori a hankali, yana gwada kansa. Wata rana ya ce mini, "Uwata, yau Talata ce, ko?" Na ce Talata ce. Ya ce, "To, alhamdu lillahi," ya yi ajiyar zuciya. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata.

Amma ciwon kan ya tafi. Tun makon farko da ya zauna gida babu amai, babu tangaɗi, idonsa ya washe, har cin abincinsa ya dawo. Na je na tare liman a hanya na ce, "Baba Liman, ku zo ku gan shi, garau yake." Ya ce ai ruɗewar tsufa haka take, yau lafiya gobe babu, kuma hutun ne ya karɓe shi. Inna ta ce rubutun ne. Ni ma ban wuce nan ba, na ce baƙin cikin mutane ne ya sauka daga kansa tunda sun samu abin da suke so.

Ranar da abin ya faru, tun safe babu wuta, ruwa kuma kamar da bakin ƙwarya. Bakatsinen ya kira azahar lafiya, ya tattara kayansa daga ruwa ya shige ɗakin ya ja ƙofa. Muna gida muna jin gurup yana ta gurnani. Lokacin la'asar ya yi, shiru. Masallatan nesa suka kira suka gama, namu shiru. Na ce da ƙarfi, don maƙwabciya ta ji, "To, ga sabon ladaninku nan, mai cikakken hankali!" Baba ya miƙe. Ya dubi agogo, ya dubi sama, ya zura takalmi ya fita ko laima babu. Na bi shi.

Ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin ladanin, ya kira, ba amsa. Masu barci a ƙarƙashin fanka suka fito suna mutsuttsuke ido. Aka sa kafaɗa aka ɓalle ƙofar. Bakatsinen yana kwance a kan tabarma, hannu ɗaya ƙarƙashin kunci, hularsa a ajiye a gefe. Wani har ya fara faɗa, wai wane irin barci ne wannan. Baba ya durƙusa ya girgiza shi, sai hannun ya zame ya faɗi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Ban taɓa jin Baba ya yi ihu irin wannan ba. Mutum biyu suka shiga suka ciccibo shi, kafin su kai bakin titi ɗayansu ya durƙushe yana amai. Aka tare tasi, ni da Baba da Alhaji mai tayoyi muka shiga da shi. Ruwa ya cika hanya, motoci sun cushe, kansa yana kan cinyar Baba, Baba yana ta kiransa, "Ɗana, ɗana." Ni da ban taɓa amsa gaisuwarsa ba, ni ce riƙe da ƙafafunsa, sun yi sanyi.

A asibiti wata likita ta duba shi, ba ta daɗe ba ta ja mayafi ta rufe masa fuska. Ta tambayi inda aka same shi. Alhaji ya fara bayani da Faransanci, ɗaki ne ƙarami, ƙofa a rufe saboda ruwa, akwai inji a sito na kusa. Ta katse shi. "C'est le groupe," in ji ta. Gurup ne. Ta ce a cikin hayaƙin fetur akwai wata iska da ba ta da wari, ba ta da launi, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar numfashi, mutum ya ji barci, ya tafi ke nan.

Baba ya taɓa ni ya ce in tambaye ta, tana sa ciwon kai? Ta ce sosai, da amai, da jiri. Ya ce in tambaye ta, tana sa mutum ya faɗi abin da bai sani ba? Likitar ta tsaya ta dube shi da kyau. Ta ce, shi ma yana shiga ɗakin ne? Na ce a ciki yake wuni, tun da aka shigar da injin. Ta ɗora hannu biyu a ka. Ta ce ita ba ta san yadda aka yi wannan tsoho yake tsaye a gabanta ba.

Na juya na dubi Alhaji. Bakinsa a buɗe, ya kasa haɗa ido da ni. Na yi makonni ina tanadin maganar da zan gaya masa ranar da gaskiya ta fito, amma ko kalma ɗaya ban samu ba, ga mutum kwance a rufe tsakaninmu. Abin da muka saya da hannunmu, muka toshe masa kafa da hannunmu, muna kwance muna shan fankarsa!

Baba ne ya yi wa mamacin wanka, aka kai shi washegari da safe. Daga maƙabarta dattawan suka wuce zaurenmu, har da waɗanda ba su zo ba a karon farko. An fitar da gurup waje, an yaye kwalayen. Liman ya yi magana mai tsawo, ya ce an zalunci Malam, a yafe musu, kowa ya shaida hankalinsa ƙalau yake, ya dawo bakin aikinsa. Masu ɗaga masa murya a da suka riƙa cewa ai su dama ba su yarda ba. Wani ma har ya ce barka.

Baba ya bar su suka gama. Sannan ya ce, "Wa ya gaya wa iyalinsa?"

Aka dubi juna. Kowa ya ɗauka wani ya yi. Aka kawo wayar mamacin daga cikin kayansa, aka nemo lambar gidansa, aka miƙa wa liman, liman ya miƙa wa Alhaji, Alhaji ya ce shi ba zai iya ba. Baba ya miƙa hannu ya karɓa. Muna jin tana ringi. Mace ta ɗauka da fara'a, ana jin hayaniyar yara a bayanta, ta ce, "Malam, tun jiya nake nemanka, ina ka shiga?"

Baba ya sauke wayar daga kunnensa. Sai ya miƙo mini wayar ta gefen labule, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Uwata, ke ce mai baki. Gaya mata."