Ciyawar Maƙwabcina

Ni ɗan ƙauyen Gaffati ne, kuma a gidanmu ciyawa abokiyar gaba ce. Tun ina ƙarami aka koya mini abu biyu: kada ka bar ta ta yi kwana uku a gona, in kuma ka kai iyaka kana noma, ka ƙara wa maƙwabci kunya ɗaya. Da wannan tarbiyya na shigo Damagaram, na sami garka a bakin tafki ina shuka salati da albasa.

Maƙwabcina wani dattijo ne daga unguwar Birni, ya yi ritaya daga aikin lambun wani otel. Fangalinsa shida, babu komai ciki sai ciyawa gajera, koriya shar. Kullum in na ga yana kallonta sai in ce a raina tsufa ya hana shi ɗaga hauya. Ban taɓa tambaya ba, don ni a ganina ciyawa ba ta buƙatar bayani.

Da aka kwantar da shi asibiti, na yi feshin maganin ciyawa a gefena, ragowar kuwa na bi fangalinsa da ita har famfon feshin ya ƙare. Na koma gida ina jin na yi zumunci.

Bayan mako guda ya dawo yana dogara sanda, fangali biyar sun koma launin kara.

"Iska ce ta kwaso maganin?" ya tambaye ni.

Ƙofar kuɓuta ya buɗe mini, na gane. Amma ba na ƙarya a kan aikin hannuna. Na ce, "Baba, ni ne. Taimako na yi niyya."

"Gazon ce, ciyawar da ake shukawa a filin wasa," ya ce. "Shekara biyu ina renon irinta. Na yi wa makarantar jikokina alkawarin filin ƙwallo, yara su daina fasa gwiwa a tsakuwa."

Kunya ta rufe ni, har yau ina jin ta. Na nuna masa fangali na shida, inda maganin ya ƙare. Na ce daga nan za mu tayar da sauran, kuma ba zai ɗauki bokiti ko ɗaya ba.

Wata bakwai ina tsinka saiwa ina dasawa, safe da yamma ina ban ruwa. Ƙanena ya zo daga ƙauye ya tarar da ni durƙushe ina shayar da ciyawa, ya yi dariya har da hawaye. Na ce ya matsa, yana taka mini ita.