Farin Yadin Cikin Akwatin Kaka

Kwana huɗu ke nan, amma har yanzu abin bai bar raina ba.

Wata ƙungiyar mata a Kazaure ce ta ɗauke ni aiki bayan na gama sakandare. Darussan sana'a muke turawa ta waya, matan Roni da Gwiwa su buɗe su koya daga gida. Darasin matsar man gyaɗa ya fi kowanne muni: rubutu a cunkushe, kowane hoto kuma da akuya ko igiyar shanya a bayansa. Shugabarmu ta ce babu halin kiran mai hoto.

"Ki rage surutun rubutun nan, ki nemo farin abu ki shimfiɗa, ki fita inda haske yake."

Rubutu na rage shi, na ƙara masa girma, na bar launi biyu kacal. Farin abu ne ya gagara. Zannuwan gidanmu duk furanni ne.

Ranar da Kaka ta tafi bikin suna a Roni na buɗe akwatinta. Can ƙasa na ga yadi fari tas, a ninke, ko ɗinki babu. Na shimfiɗa shi a tsakar gida da hantsi, na jera gyaɗa, tunkuza da kwalbar mai. Wallahi hotunan sun yi kyau. Ina cikin murna kwalbar ta tuntsure.

Ina ta dirza da sabulu Inna ta fito, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Likkafanin Kakarki ne! Wanda ta jiƙa da zamzam a Makka!"

Na saki sabulun. Shekara nawa tsohuwar nan tana tanadinsa, ni na kwarara masa mai. Da na ji tsayuwar ɗan acaɓa a ƙofar gida bayan la'asar, saura kaɗan in shige rumbu.

Na durƙusa a gaban Kaka na faɗa mata komai, ina kuka. Ta daɗe tana duban tabon, sannan ta miƙo hannu.

"Ba ni wayar."

Ta matso da ita daf da idonta, tana wuce hotunan da babban yatsa.

"Ja'ira! Ina ajiye kayan tafiyata, ke kin buɗe shago a kai? Wannan tunkuzar har ta fi ta gaske kyau."

"Kaka, ki yafe mini. Zan goge su."

"Ki goge me? Tura musu. In wata ta koyi sana'a a kansa, ai ni na ci riba. Zamzam ɗin dai kin wanke, to ki yi ta addu'a Allah Ya kai ki, ki jiƙo mini wani. Ina nan ina jira, ba sauri nake ba."

Na tura darasin washegari, ban iya kallonsa ba. Ita kuwa ta ninke yadinta, tabon daga ciki, ta ɗaure makullin akwatin a haɓar zaninta tana hararata.