Shuɗin Matar Fada

Shekarar da maigidana ya fara koyarwa a jami'a muka kama haya a unguwar Al-Sih ta Madina, ƙofa da ƙofa da wata tsohuwa da kowa ke kira Hajiya. A Madina aka haife ta, amma mahaifinta marini ne daga Nijar. Idonta ya kusa tafiya, bakinta kuwa garau. Ni ba gwanar zama da tsofaffi ba ce, raina saurin ɓaci gare shi, amma ita ta iya da ni.

Wata rana bayan la'asar ta ciro wani shuɗin zane daga akwati.

"'Yar nan, ɗauko jawwal ɗinki, wayar nan taki, aiki zan sa ki."

Ta ce Faransawa sun kwashi mahaifinta soja lokacin yaƙin Jamus. Da yaƙi ya ƙare, aka sa su dakon akwatunan hotunan fenti da Jamusawa suka wawashe daga gidajen mutane, ana mayar da su. Aka buɗe wani akwati a gabansa, ya ga hoton wata matar fadar sarkin Faransa a kishingiɗe, da ɗan kare a ƙafarta, cikin shuɗiyar riga mai sheƙi. An hana su taɓawa. Shi dai ya yanke cewa wannan riga ta sha bugu a hannun gwani. Har ya rasu yana rini yana bugu, yana neman wannan shuɗin. Zanen nan shi ne na ƙarshe.

"Ya rasu bai san ko ya kai ba. Ni ina so in sani kafin in bi shi."

Na sha wuya wajen neman hoton a waya, har na yi ta mita. Matan fada ga su nan birjik, kowace da tulin gashi kamar gammo. Sai na faɗo a kan wata da ta dace da kwatancen. Ban rantse ita ce ba, kuma na gaya wa Hajiya haka.

Na fita tsakar gida da zanen, na buɗa hoton da yatsu. Sheƙin nan ashe ɗan farin fenti ne aka shafa a kan shuɗi, layi-layi. Da na matsar da wayar baya, sai rigar ta koma alharini sak, kamar in kama. Na karkata zanen marinin ga rana, haske ya kwanta a kansa daidai yadda ya kwanta a rigar.

"To, me kika gani?" in ji Hajiya.

"Hajiya, ba bugu ba ne, da fenti aka yi sheƙin. Amma Baba ya kai."

Ta shafa gilashin wayar, ta janye hannu. Ta jawo zanen ta ɗora a cinya, ta daɗe tana shafa shi.

"Allah sarki Baba," ta ce. "Ashe ba rigar kowa yake bi ba, rigar fenti ce. Kuma ya kamo ta."