Furen Inna, fartanya da man birki

Salamu alaikum. Wata uku ke nan ban ce uffan ba a shafin nan. Masu tambaya ina hotunan furen bana, ku yi haƙuri, asibiti na kwanta.

Kun san furen, ɗan gajeren nan mai ganye kamar na albasa, wanda ke fitar da fure ruwan hoda kwana kaɗan bayan an tafka ruwa. Daga gidan Inna a Maska na ɗebo shi shekarar da ta rasu. Da rani yakan yi kamar ya mutu, alhali 'ya'yansa na nan a ƙasa. In suka cushe sai a tone su a farkon damina, a rarraba, a sake dasawa.

Abin da nake yi ke nan, ba takalmi, cikin takin shanu, fartanya ta sare ni a ɗan yatsan ƙafa.

Maigidana, Baban Hafsa, manomin masara ne. Bai taɓa kiran furen nan fure ba, "ciyawarki" yake cewa. Da ya ga jini sai ya ɗauko man birki ya tsiyaya mini, ya ɗaure da tsumma, yadda suke yi a gona. Na sha zafi, jini ya tsaya. 'Ya'yan furen kuma na bar su a kwando ƙarƙashin rumfa, wai sai ƙafa ta yi sauƙi.

Kwana tara bayan haka na kai lomar tuwo baki, baki ya ƙi buɗuwa sosai. Na ce haƙori ne. Washegari wuya ya sandare. A rana ta uku wani ya buga ƙofa da ƙarfi, sai bayana ya banƙare, na kasa ko salati.

A asibitin Malumfashi likita ya duba bakin, ya kwance tsumman, ya ce, "Me aka sa wa ciwon nan?"

"Man birki," in ji Baban Hafsa.

"Haba Malam, mota ce ita?"

Ya ce tetanus ne, ƙwayar cutar tana zama a ƙasa da taki. Ya tura mu Zariya ranar.

Ɗaki mai duhu aka sa ni, ba surutu, don ƙara ko haske kan tayar da banƙarewar. Aka yanke wajen ciwon aka wanke, aka ɗebi jini, allura kam ban san adadinta ba. Kunu ta roba ake zuba mini a hanci. Masarar da muka ajiye don sayen taki ita ta tafi a magani.

Na ji tsoro, wallahi. Hankalina garau, ina jin komai, amma ba bakin magana. Na ji likita na gaya wa Baban Hafsa a bakin ƙofa, "Mu ga kwana bakwai ɗin nan tukuna." Kuma kar ku yi mini dariya, har kwandon nan na tuna. Shi kaɗai ne abin Inna da ya rage a hannuna, ga shi ba halin in ce a dasa.

Ƙanwata ce ke jinyata. Shi maigidan yana zuwa yana komawa saboda gona, in ya zo ba ya iya kallon ƙafar.

A mako na uku cokali ya shiga bakina. A na biyar aka sallame ni, ina dogara sanda.

Da na shiga gida sai na tsaya. Tsakar gidana ta zama gona. Kunya uku, a miƙe ɗoɗar, an yi noma har an yi huɗa. Ya dasa furen ɗaya-ɗaya, taku guda tsakani, kamar masara. Duk sun yi fure.

Na ce, "Baban Hafsa, wa ya ce maka a kunya ake dasa fure?"

Ya ce, "Ita na iya."

Sai ya juya baya yana gyara bakin kunyar da ƙafa. "Ranar da likita ya ce kwana bakwai na dasa su. Na ce in kin dawo ki same su. In kuma ba ki dawo ba..."

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitoci da nas-nas, da ƙanwata, da duk wanda ya yi mini addu'a.

Don Allah, in ƙarfe ya sare ku a gona ko a lambu, ku wanke da ruwa da sabulu, ku je asibiti ranar a duba a yi allura. Ban da man birki, ban da toka. Ku sa takalmi in za ku shiga taki. Ni da na yi ciwon ma an ce sai na karɓi rigakafin, kuma na fara.

Masu son irin furen, akwai. Kada ku cika masa ruwa, ruɓewa yake. Amma sai kun tambayi Baban Hafsa, don jiya na ji yana hana awaki da cewa, "Kai, ku bar mini furena!"