Baba Gajere da Kufan Kan Dutse

Da an sallame sallar asuba a Dutsin Anza, maza sukan koma gida su jira koko. Baba Gajere ba ya komawa. Sandarsa tana jingine a ƙofar masallaci, da gorar ruwa, da wata guntuwar fartanya wadda bakinta ya cinye. Sai ya ɗauka ya nufi dutse. Kafin rana ta yi zafi ya share ƙaya daga hanya, ya mayar da duwatsun da awaki suka ture daga ganuwar kufai, ya leƙa tsohuwar rijiya ya ga ko yashi ya ƙaru. Ba wanda ya sa shi. Tun kafin a haife ni haka yake yi, har zuwa bana.

Sunana Radiya, ƴar Habiba. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, kuma ni ba mai magana cikin mutane ba ce. In baƙo ya shigo gidanmu, bayan rumbu nake zagayawa. Amma kwanakin nan na kasa zama wuri ɗaya. In share tsakar gida, in sake sharewa, in fita ƙofa in dubi hanyar Tanut. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani game da wannan tsoho tun yana da rai, ya ji da kunnensa.

Garinmu ƙarami ne, a gindin dutse, cikin karkarar Gangara. Wanda ya wuce a mota ba abin da zai gani sai gonakin hatsi da rumbuna. Amma a kan dutsen akwai kufai, wato tsohon garin da kakanninmu suka zauna kafin su sauko ƙasa. Ganuwar duwatsu tana nan har ƙugun mutum, da guraben ɗakuna, da ramukan da mata suka bari a jikin dutse saboda niƙa. A gefen gabas akwai Rijiyar Ayari, inda raƙuman gishiri suke sauka a yi musaya da hatsi. A yamma akwai tafki, inda shamuwa take sauka da damina. In ka tsaya a sama bayan ruwa ya ɗauke, za ka ga gonaki kore shar har inda ido ya ƙare.

Kowane wuri a cikin waɗannan da labarinsa, kuma Baba Gajere ne ya san su. Sai dai yana da doka guda: ba ya ba da labarin wuri sai yana tsaye a wurin. Haka ya karɓa daga kawunsa. In ka tambaye shi a kasuwa ko a gindin aduwa, amsarsa ɗaya ce: "Taso mu je."

Matarsa, Inna Lantana, ta sha yi masa tsiya a kan haka.

"Malam, baƙon nan fa da ƙyar ya iso. Ka faɗa masa a nan mana, ga tabarma ga inuwa."

"A kan tabarma ƙarya take shiga labari, Lantana."

"To ni da nake zaune a kanta kullum fa?"

"Ai shi ya sa ba na tambayarki labari."

Mushe Haris, haka muke kiran malamin lakwal ɗinmu, ya shaida cewa ba shekarar da Baba Gajere bai hau da ƴan ajinsa ba. Yakan sa kowane yaro ya durƙusa ya sa hannu cikin ramin niƙa, ya ji santsinsa. Sai ya ce, "Hannun wata ne ya yi wannan, kuma ku ta niƙa wa tun ba a haife ku ba."

Rissa, Buzun da yake kiwo a arewacin gari, ya shaida abin da ya faru shekarar da ruwa ya yi ƙaranci. Rijiyar gari ta ja baya, manoma da makiyaya suka fara ɗaga wa juna murya a bakin ruwa. Baba Gajere ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga Rijiyar Ayari, wadda kowa ya ce ta mutu. Shi yana cika guga da yashi, Rissa yana ja da raƙumi, har ƙasa ta fara fitowa da laima. A can dabbobi suka sha har damina ta faɗi.

Zakari mai amalanke shi ma ya shaida, ko da yake in ana zancen sai ya sosa ƙeya. Ya taɓa kwaso duwatsun ganuwa zai yi harsashin ɗaki. Baba Gajere bai kai shi wurin maigari ba. Ya tare shi a hanya ya ce, "Taso mu je." Ya kai shi wani gurbin ɗaki, ya nuna masa duwatsun murhu da har yanzu suke baƙi. Ya ce, "A nan kakar babanka ta yi girki." Zakari ya juya ya sauka gari. Da la'asar aka ga jakinsa yana hawa da kayan da ya sauko da su.

Kai ne, Baba, wanda ya hana garinmu zama wurin kwana kawai. Gajere mai dogon sawu. Samari suna tafiya Agadas, suna tafiya wurin zinariya, ƴan'uwana maza duk sun tafi, ƙawayena an kai su birane. Kowa ransa yana kan hanya. Kai ma ba ka iya zama, amma kai sama kake nufa, ka sauko, gobe ka sake hawa.

Bana gwiwoyinsa suka ƙi. Suka kumbura, har sujada sai a zaune. Bayan an gama yankan hatsi, ɗansa Amadu ya zo daga Agadas ya ce zai tafi da shi da Inna Lantana, a duba shi a gidan likita, su zauna wurinsa. Ba wanda zai ce Amadu bai yi daidai ba. Amma gari ya shiga damuwa, domin in tsohon ya tafi bai faɗa ba, labaran sun tafi ke nan.

Amadu ya fito da wayarsa ya ajiye a gabansa.

"Baba, ka faɗi komai a nan, waya ta ɗauka. Ko bayan ranka za a ji."

"Wayar za ta nuna musu inda za su sa hannu?"

"Sai in hau in ɗauko hotuna."

"Ka ɗauko hoton tuwo ka ba Lantana, mu ga ko za ta ƙoshi."

Inna Lantana ta ce, "Kada ka sa ni ciki. Ka faɗa wa yaro labari, taurin kai ya ishe ka haka."

Bai faɗa ba. Kwana da kwanaki yana zaune a zaure, fuskarsa wajen dutse, yana buga sanda a ƙasa. Ni kuma in ɗauki tulu in wuce ta ƙofarsu, in dawo, in sake wucewa, ban iya shiga in ce komai ba.

Rissa ne ya kawo dabara. Ya zo da jaki ya ɗaure a ƙofar gida.

"Tsoho, tashi. Ƙafarka ta mutu, ta jaki tana nan."

"Buzu, yau ka bar shayi ka yi aiki?"

"Hau, kafin in fasa."

Ana gobe za su tafi, da hantsi, aka ɗora shi. Rabin gari ya biyo baya, mata da goyo, Mushe Haris da ƴan ajinsa, Zakari yana riƙe da akala. Aka yi ta hawa har inda hanya ta matse tsakanin manyan duwatsu. Nan jaki ya tsaya. Baba Gajere ya sauka, ya dogara sanda, ya ɗaga ƙafa. Gwiwa ta lanƙwashe. Amadu ya tare shi ya zaunar da shi a kan dutse. Maza suka ce za su ɗauke shi a kafaɗa, amma wurin bai isa mutum biyu su jera ba.

Daga inda yake zaune ana hango ganuwar kufai.

Mushe Haris ya ce, "Baba, ai mun kusa. Ka faɗa daga nan, muna kallonta."

Ya girgiza kai. Ya yi ta duban mutane ɗaya bayan ɗaya. Ni ina can baya, na ja mayafi na rufe rabin fuska.

"Ke, ƴar Habiba. Zo nan."

Na duba bayana ko da wata.

"Ke nake nufi. Shekara nawa kina bina da itace a kai? Duk sanda na hau da baƙi, sai in ga kin tsaya bayan ganuwa kina ɗaure itacen da kin riga kin ɗaure. Kin ɗauka ban gani ba?"

Mutane suka yi dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Baba, ban iya magana ba."

"Ban ce ki iya ba. Ki hau, ki tsaya a ƙofar gabas, ki dafa dutsen da nake dafawa. Abin da ya zo bakinki ki faɗa."

Na hau, suka biyo ni. Na dafa dutsen. Na fara, idona a ƙasa, muryata ba ta kai taki biyu ba. Wata ta ce, "Ba ma ji!" Sai suka matso, suka matso, har na ji numfashin yara a hannuna. Na faɗi yadda aka gina ganuwar da abin da ya sauko da mutane ƙasa. A tsakiya na manta sunan wani maigari, na tsaya. Sai Inna Lantana, wadda ta biyo mu tana haki, ta faɗi sunan.

Muka juya muna kallonta.

"Me kuke kallo? Kun ɗauka a kan tabarma aka haife ni?"

Da muka isa gurbin murhu, Zakari ya ce, "Wannan nawa ne," ya karɓa. Da muka gangara gabas, Rissa ya ba da na rijiya, da Hausarsa mai karkata, yana ƙara raƙuman da Baba bai taɓa ambata ba.

Muka dawo muka tarar da tsohon inda muka bar shi, yana zane a ƙasa da bakin sanda.

"Ta faɗa?"

Mushe Haris ya ce, "Ta faɗa, sai dai muryar ƙarama."

"Madalla. Mai ƙaramar murya sai an matso kusa da dutse ake jin ta."

Washegari, da aka ɗora kayansu a mota, na tuna da wani abu. A bayan dutse akwai tulin duwatsu da ƙaya ta kewaye. Kullum yana share wurin, amma ban taɓa jin ya kai baƙo can ba. Na kutsa cikin mutane, ni da ba na kutsawa, na riƙe ƙarfen motar.

"Baba, tulin nan na baya fa? Na wane ne?"

Ya dube ni, ya yi murmushi.

"A bakin mota kike tambayata? Sai na dawo. Ki riƙa share wurin."

Mota ta tashi.

To, Baba, ina sharewa. Fartanyarka tana wurina. Zakari ya ɗauki gyaran ganuwa, Rissa yana leƙa rijiya in ya kawo dabbobi. Amadu, in wannan rubutu ya iso gare ka, ka karanta masa a hankali. Ka ce masa mun gode. Mun gode da ƙayar da ta soke shi ba ta soke mu ba, da ruwan da ya tono, da gwiwoyin da ya ƙarar a kan dutsenmu. Allah ya ba shi lafiya, ya saka masa da alheri, ya dawo mana da shi ko a kan jaki ne.

Ku kuma masu karatu, kowane gari da kufansa, da tsohon da ya san labarinsa. Kada ku jira sai gwiwarsa ta kumbura. Ku tashi ku bi shi yau, ko da a bayan ganuwa za ku tsaya.

Na san wani zai ce na yi ta zancen labarai, ban rubuta ko ɗaya ba. Gaskiya ne, kuma ba zan rubuta ba. Mai son ji ya zo Dutsin Anza, ya tambayi gidan Habiba. In ya ga wata ta zagaya bayan rumbu, ni ce. Ya ɗan jira. Zan fito in ce masa, "Taso mu je."