Faƙon da Baffa ya ba ni

Da aka zo rabon gonakin mahaifinmu, ƙanensa, wanda muke kira Baffa, shi ya zauna a tsakiya. Ni gonar bayan gida nake so, mai baƙar ƙasa. Sai ya ba yayana ita, ni kuma ya nuna mini wani faƙo a bakin burtali, inda ko ciyawa ba ta fitowa.

"Wannan rago ne," ya ce a gaban mutane. "A ba shi inda fartanya za ta koya masa hankali."

Aka yi dariya. A zuciyata na rantse sai ya ga gero a wurin nan da idonsa, ya ji kunya. Ina gaishe shi kamar kullum, abincin gidansa ne dai na daina ci.

Na yi ta jigilar taki da jaki, mangala bayan mangala. Duk rani kuma sai wasu Fulani su sauka da shanunsu a gonar, su yi wata biyu shanun suna zuba mini kashi. Na ɗauka sa'ata ce.

A kaka ta biyar gero ya yi. Akwai gajeriyar hanya zuwa rumbuna, amma na kora amalanke ta ƙofar gidan Baffa, sawu huɗu, ina tafiya a hankali. Yana zaune a kan buzu. A sawu na ƙarshe ya ɗago kai.

"Kai, wa ya koya maka ɗaurin dami? Duk ya yi sako-sako."

Na kusa fashewa. Na shiga wurin matarsa ina huci, na ce Inna, tsohon nan ba ya ƙaunata.

Ta ci gaba da tankaɗe. "Fulanin nan kana tsammani kyanka suke zuwa gani? Shi yake bin su har ruga, ya ba su harawarsa duka. Tumakinmu su suka sha wuya."

Haushina ya ƙaru, don ya ƙwace mini ko da daɗin ramuwar. Washegari na loda harawata kaf, na jibge masa a ƙofar gida.

"Ga abinka, Baffa."

Ya cusa hannu a ciki, ya shinshina.

"Da ɗanyenta. Baza ta a rana."

Na tsaya ina kallonsa. Sannan na sunkuya na fara bazawa.